Takardar Gwaji

Bayan isha'i aka kira ni gidan abincin Haladu,
nan Samaru, bayan layin masu ɗinkin littafi,
wai na'urar buga oda ta rikice tun ranar da aka kawo ta.
Mai son zoɓo, takardarsa ta faɗo gaban murhu,
mai son tuwo, tasa ta fito bakin firji,
yaron lemo ya tsaya riƙe da "miyar kuɓewa, biyu"
yana duban kwalabe ko za su ba shi amsa.

Na ajiye jakata a kan buhun albasa,
na raba hanya gida biyu:
abin da wuta za ta taɓa ya bi ta nan,
abin da ƙanƙara ta sani ya bi ta can.
Fura ce ta tsaya mini a tsaka.
Na ce sha ce, Tanimu ya ce ci ce,
muka yi ta ja
har Haladu ya ce a buga ta ko'ina, a huta.

Sai ga Barira daga cikin hayaƙi,
shekara goma sha bakwai muciyar gidan na hannunta.
Ta ce, "Ɗan nan, injinka ba ya jin Hausa."
Ta miƙo mini, na duba, gaskiyarta:
ɗanwake ya koma ?anwake,
zoɓo ya koma zo?o,
ƙwai kuwa tambaya ce zalla.
Duk harafi mai lanƙwasa an sauke shi a hanya
kamar fasinjan da kaya suka yi wa yawa a Kwangila.
Na yi ta lalube a cikin allo
har na kwaso su ɗaya bayan ɗaya,
kowa da ƙugiyarsa a ka.

"Ƙara wa rubutun girma," in ji ta,
"idona ba irin na ɗalibai ba ne, hayaƙi ya ci rabonsa.
Ba yaji, sa shi a layinsa shi kaɗai, baƙi wuluk.
Makon jiya wani dattijo mai gyambon ciki
ya bar mana kwano da cokali biyu kacal a ciki,
bai yi faɗa ba, bai kuma dawo ba."
Na sa lambar tebur a sama,
lokaci a ƙasa, don a san wa ya riga wa.
Ta ɗora yatsa a kan farashi, ta ce, "Cire wannan.
Tukunya ba ta san kuɗi ba.
In na riƙa ganinsa, ludayina zai fara bambanta mutane."
Na cire.

Ƙusar da suke soke takardu tana dab da wuta,
zafi na mayar da su baƙi kafin shinkafa ta tsotse.
Wannan ba a allo ake gyara shi ba,
guduma na nema.

Sai aka ɗauke wuta.
Ban adana ba.
Tanimu ya ja igiyar janareta sau bakwai,
ni kuma na sake daga farko, bakina a rufe.

Sha ɗaya saura, na buga gwaji:
tebur na casa'in da tara, a gidan da teburansa goma sha biyu ne,
tuwon shinkafa, miyar taushe, nama ɗaya.
Na'ura ta yi tari can ciki, ta yanke takarda ƙyat.
Na naɗe wayoyina, na rataya jaka.

A bakin ƙofa Barira ta tare ni da faranti yana tururi.
Na ce ai gwaji ne, Inna, babu wannan tebur.
Ta jawo buhun albasa da ƙafa, ta ce,
"Takarda ta fito.
Zauna."